Hotuna Biyu Na Fure Ɗaya

  

Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, a bangon zauren da muke karantarwa akwai hotuna biyu rataye daura da juna. Na dama fure ne ja, babba kamar tafin hannu, gefen kowane ganye nasa ya yi fari fat, sai ka ce maƙerin farfaru ne ya zauna ya yi masa ado da azurfa. Na hagu kuwa wani abu ne baƙi, ya langaɓe a kan kara kamar dafaffen alayyafo da ya kwana. Kwanan baya wani Alhaji ɗan kasuwa, wanda yakan zo ɗaukar karatun Risala bayan la'asar, ya daɗe yana dubansu, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, na dama dai mun ga dalilinsa. Amma na hagu fa, me ya kai shi bango?" Muka ce masa fure ɗaya ne, a rana ɗaya aka ɗauke su, abin da ke tsakaninsu bai wuce sa'a shida ba. Tun da yake ba shi kaɗai ya yi wannan tambaya ba, muka ga ya kamata mu ba da labarin a nan, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Shekaru kaɗan da suka wuce Allah Ya ƙaddara mana tafiya ƙasar Ingila, wani gari da ake kira Daram, can arewa maso gabashin ƙasar. Tsohon gari ne a kan tudu, kogi ya kusa kewaye shi. Jami'ar garin tana da ma'ajiyar takardun tarihin Sudan wadda aka kafa a 1957, mu kuwa da yake a Sudan muka yi wani sashe na karatunmu, muna da bukatar duba waɗansu takardu a can. Muka sauka a gidan wani tsohon almajirinmu wanda yake aikin likita a wannan yanki. Lokacin kuwa ƙarshen watan Oktoba ne, wato tsakiyar kakarsu. Kakar can dabam take da tamu. A wurinmu kaka lokacin sabon gero ne da walwala. A wurinsu lokaci ne da ganyayen itatuwa suke rikiɗa su koma ja da rawaya su zube, yini yana raguwa kullum, rana ba ta hudowa sai wajen ƙarfe bakwai, kafin ƙarfe biyar na yamma kuwa ta faɗi.

A dare na huɗu da saukarmu, mai masaukinmu ya leƙa waje bayan sallar isha'i, ya dawo ya ce, "Malam, yau sama garau take, babu gajimare, babu iska. Gobe in Allah Ya kai mu za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba." Da muka idar da sallar asuba muka zauna muna jiran gari ya waye sosai. Da haske ya fara bayyana, sai ya buɗe ƙofar baya wadda take fita wani ɗan lambu. Wallahi, 'yan'uwa, mun daɗe a tsaye a bakin ƙofar nan. Ciyawa, da shinge, da igiyar shanya, da saƙar gizo-gizo da ke jikin shingen, duk sun yi fari kamar an barbaɗa musu gari. A ɗaya gefen shingen kuma, a lambun maƙwabci, ga jerin furanni ja da rawaya da fari, kowanne an zagaye bakinsa da ƙananan allurai masu ƙyalli. Ba a yi ruwa da dare ba, dusar ƙanƙara kuma ba ta zubo ba. Abin a wurin ya tsiro, a jikin ganye, cikin duhu, ba tare da wani ya ji motsinsa ba.

Larabawa suna kiran wannan abu saƙi'u. Mu a Hausa ba mu da suna guda gare shi, domin a yawancin ƙasarmu hunturu komai tsananinsa ba ya kai wa nan, sai dai mutanen duwatsun Azbin da masu ratsa Sahara sun san daren da ruwa yake daskarewa a cikin ƙwarya. Mafi kusa shi ne mu ce daskararriyar raɓa. Yadda yake aukuwa kuwa shi ne, da rana ƙasa da tsirrai suna shan zafin rana, da dare kuma su sake shi. Idan akwai gajimare, sai ya zama kamar bargo, ya mayar da wani sashe na zafin ƙasa. Idan akwai iska, sai ta gauraya iskar ƙasa mai sanyi da ta sama mai ɗan ɗumi. Amma idan sama ta yi garau kuma iska ta kwanta, sai zafin ya tafi ba dawowa, har jikin ganye ya yi sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri a ma'auni. A nan danshin da ke yawo cikin iska, da zarar ya taɓa ganyen, sai ya zama ƙanƙara kai tsaye, ba tare da ya fara zama ɗigon ruwa ba. Ƙwaya tana hawa kan ƙwaya, har su yi tsini. Shi ya sa ya fi yawa a bakin ganye da kan gashinsa, domin nan ne ya fi saurin yin sanyi. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara wannan.

Mai masaukinmu ya shiga ciki ya ɗauko kyamararsa, ya miƙo mana ya ce, "Malam, ɗauka da hannunka, ka kai wa mutanen gida." Sai muka ɗan ja baya. Ya yi murmushi, domin ya tuna a gabanmu ya karanci babin hotuna. Gaskiya kuwa babu abin ja da baya a wannan wuri, sabo ne kawai na wanda ya daɗe yana taka-tsantsan. Ga yadda mas'alar take, a taƙaice. Hadisan da suka yi tsanani game da masu yin sura suna magana ne a kan surar abin da yake da rai, mutum ko dabba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana tambaya, shi kuwa ya gargaɗe shi game da surar masu rai, ya nuna masa ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. A kan wannan jamhurin malamai suke. An ruwaito cewa Mujahid, almajirin Ibn Abbas ɗin, ya ƙi surar itace mai 'ya'ya, amma malamai ba su bi shi a kan haka ba.

Malamanmu na Malikiyya kuma, a sharhohin Muhtasar, a babin walima, sun bayyana cewa surar da ta haramta ita ce ta mai rai, wadda take da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku. Wadda take shimfiɗe a kan takarda ko bango ba ta kai haramun ba a wurinsu, iyakarta karhanci ko saɓa wa abin da ya fi. Da na'urar ɗaukar hoto ta bayyana a Faransa a 1839 ta bazu cikin duniya, malamai sun sake duba al'amarin. Shaihu Muhammadu Bahit Almuɗi'i, wanda ya yi Muftin Masar, ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta hoton na'ura, hujjarsa kuwa ita ce mai ɗaukar hoto bai ƙagi wata sura ba, inuwar abin da Allah Ya halitta ce kawai ya tsare, kamar yadda madubi yake nuna fuska. Waɗansu manyan malamai kuma, musamman na ƙasar Saudiyya, sun tsaya a kan hana hoton mai rai sai don larura, kamar fasfo da katin shaida. Wannan saɓani ne sananne, kowane ɓangare da hujjarsa. Amma hoton fure, duka ɓangarorin biyu ba su da magana a kansa. Saboda haka muka yi bisimilla muka karɓi kyamara.

Nan fa muka gane cewa sanin hukuncin abu dabam, iya shi dabam. Hoton farko da muka ɗauka ya fito toka-toka, babu ƙyallin nan ko kaɗan. Almajirin namu ya ce, ita na'ura idan ta ga fari ya yi yawa, sai ta zaci haske ne ya yi mata yawa ta rage, don haka sai an ƙara mata da hannu. Muka ƙara. Sa'an nan ya ce kada mu juya wa rana baya, mu zagaya yadda haskenta zai ratso ta bayan furen ko ta gefensa, domin ƙanƙara ba ta ƙyalli sai haske ya bi ta cikinta. Rana kuwa a lokacin ta ɗan leƙo ta kan rufin gidaje, haskenta kwance yake. Muka zagaya, muka durƙusa a kan ciyawa mai sanyi har gwiwoyinmu suka jiƙe. Yatsunmu suka ƙage, da ƙyar muke danna maɓalli. Batir ma sanyi yana cinye shi da sauri, sai da aka cire shi aka ɗumama a aljihu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne numfashinmu. Mun matsa kusa da wani fure fari don mu ga alluran nan da kyau, muka saki numfashi guda, nan take gefen da ke fuskantarmu ya narke ya zama ruwa. Aikin dare guda, numfashi ɗaya ya rushe shi. Daga nan muka koyi riƙe numfashi kafin mu matsa. Muna durƙushe muka tuna Alhasan ɗan Haisam, masanin nan haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, mai littafin Almanazir. Shi ne ya yi bayani da gwaji cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, ya kuma gwada yadda haske yake ratsa ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu. Wannan ɗaki mai duhu shi ne kakan akwatin da ke hannunmu. Muka ce a ranmu, ashe kayan gidanmu ne ya zaga duniya ya dawo.

Ba mu fi minti ashirin muna wannan aiki ba, sai wuraren da rana ta taɓa suka fara ɗiga. A nan ne mai lambun ya fito, wani tsoho Bature, ya haura shekara saba'in, sanye da hular ulu. Ya gaishe mu, ya ce mu shigo ta ƙofar shinge mu ɗauka yadda muke so. Da yake Turancinmu bai taka kara ya karya ba, almajirinmu ne ya yi mana tafinta. Muka yaba masa furanninsa, musamman jan nan babba, muka ce lalle yau sun yi kwalliya. Tsohon ya dube su, bai yi dariya ba. Ya ce sunan wannan fure daliya, asalinsa daga ƙasar Meziko ne, ba ya jure irin wannan dare. Ya ce, "Ka gaya wa baƙonka ya dawo bayan tsakar rana ya ga kwalliyar."

Bayan mun yi sallar azahar muka leƙa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jerin furannin nan da muka durƙusa a gabansu da safe sun zama kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Ganyaye sun yi baƙi, sun yi laushi, kawunan furanni sun sunkuya. Jan nan babba ya koma abin da kuke gani a hoton hagu. Likitan ya bayyana mana dalili. Ya ce jikin tsiro cike yake da ƙananan ɗakuna masu ruwa a ciki, su ne suke riƙe da ganye ya tsaya a miƙe. Idan sanyi ya kai ga daskarewa, ƙanƙara takan fara tsirowa a tsakanin ɗakunan, ta yi ta zuƙe ruwan da ke cikinsu, fatarsu ta lalace. Muddin akwai sanyi, ƙanƙarar ita take riƙe da furen, ya yi kyam kamar lafiyayye. Da rana ta narkar da ita, sai ya faɗi. Wato ke nan, a lokacin da muke ɗaukar hotonsa muna yabonsa, furen ya riga ya mutu. Adon da muke sha'awa a jikinsa shi ne abin da ya kashe shi.

Muna tsaye a wurin sai aya ta 117 ta Suratu Ali Imrana ta faɗo mana a rai. A cikinta Allah Maɗaukakin Sarki Ya buga misalin abin da kafirai suke ciyarwa a rayuwar duniya da shukar waɗansu mutane da suka zalunci kansu, wadda wata iska ta auka mata ta halaka ta. Kalmar da aka siffanta iskar da ita, sirru, yawancin masu tafsiri sun ce tsananin sanyi ce, waɗansu kuma sun ce wuta ce. Ibn Kasir, wanda ya rasu a shekara ta 774 bayan Hijira, ya haɗa maganganun biyu da cewa sanyi mai tsanani, musamman mai daskarar da ruwa, yana ƙone shuka da 'ya'yan itace kamar yadda wuta take ƙonewa. Shekara wajen talatin muna karantar da wannan wuri a tafsirin azumi, muna faɗinsa yadda muka karanta, almajirai suna gyaɗa kai. Amma a zuci mun kasance muna ɗaukarsa salon magana ne irin na Larabawa. Yaya sanyi zai ƙone abu? Sai ga shi a gabanmu, a lambun wani tsohon Bature da bai san Ibn Kasir ba, ganye ya yi baƙi kamar an babbake shi. Muka ji kunyar kanmu, muka nemi gafarar Allah.

Tsohon ya nuna kyamarar da ke rataye a wuyan almajirinmu ya ce, ba za mu ɗauki wannan ba? Gaskiyar magana, ba mu so ba. Zuciya ta ce, me za a yi da hoton ruɓaɓɓen abu? Wa za a nuna wa? Sai muka duba cikin na'urar, muka ga mun ɗauki hoto arba'in da wani abu da safe. Arba'in na safiya, na azahar ko ɗaya ba mu da niyyar ɗauka. Da mun koma gida da na safe kaɗai, da mun nuna wa iyali da almajirai mun ce ga furen ƙasar Ingila, kowa ya yi sha'awa, alhali kuwa gawa muke nuna musu. Ba za a ce mun yi ƙarya ba, domin hoton gaskiya ne, haka furen yake da ƙarfe bakwai da 'yan mintoci. Amma rabin labarin muka bayar, muka ɓoye rabin da yake ɗauke da darasin. Muka karɓi kyamara muka ɗauki guda ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a gare mu, za mu faɗe shi ko da yake ba daɗi. A wancan lokaci, a daidai wurin da hotunan nan biyu suke rataye yanzu, hoton wata takardar yabo ce da aka ba mu a wani taro, mun sa an ƙara mata girma, an yi mata firam mai ruwan zinariya. Duk baƙon da ya shigo zaure ita yake fara gani, mu kuma muna jin daɗi idan ya tsaya ya karanta. Mun san halin da muke ciki a shekarar da aka ba mu ita. Shekara ce da yawon taruka ya cinye mana lokaci, karatun almajirai ya yi ta tsinkewa, littafin da ya kamata a sauke cikin wata shida ya shekara bai kai rabi ba. Daga waje ana ganin ƙyalli, daga ciki ruwa yana ƙarewa. Da muka dawo gida muka sauke ta muka sa a akwati, muka rataya waɗannan a madadinta.

To, ya ɗan'uwa ɗan kasuwa, wannan magana ta shafe ka fiye da yadda ta shafi iyayenmu. A da mai saye yakan zo rumfa ya taɓa kaya, ya juya shi, ya shinshina. Yau kuwa da yawa daga cikin cinikinka da hoto ake yinsa, ka ɗauka da wayarka ka aika wa mai saye ta WhatsApp, yana wani gari, ya turo kuɗi. Ka san gefen da motar ta fi kyau, ka san gefen da aka yi mata gyaran fenti. Ka san buhun da ke sama, ka san na ƙasa da ya sha laima. Idan ka zaɓi gefe mai kyau kaɗai ka aika, hotonka bai yi ƙarya ba, amma kai ka yi algus. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai yin algus. Hukuncin bai sake ba don an sami na'ura. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, mai saye kuma yana da haƙƙin mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye masa ya bayyana. Saboda haka idan za ka aika hoto, aika biyu.

Kai kuma ɗan'uwa ma'aikacin Gwamnati, ka fi mu sanin hoton ranar buɗe aiki. An haƙa rijiyar burtsatse, ko an gina aji biyu, an shafa fenti, manya sun zo, an yanke ƙyalle, ruwa ya zubo, an ɗauka. Wannan hoto shi zai shiga rahoto, shi zai shiga fayil, da shi za a sa hannu a biya ɗan kwangila. Wa yake komawa bayan wata shida ya ɗauki na biyu? Sau nawa aka san tun ranar buɗewa cewa bututun bai kai zurfin da aka rubuta ba, ko simintin bai kai ma'auni ba? Irin wannan aiki ya mutu tun ana yi masa tafi, kamar furenmu. Ba muna cewa kowane ma'aikaci haka yake ba, mun san waɗanda suke tsoron Allah, kuma suna shan wuya saboda haka. Amma wanda aka ba amanar duba aiki, ya sa hannu a kan abin da ya san ba zai kai azahar ba, ya sani shaida ce ya bayar, kuma za a tambaye shi. Mutanen ƙauyen da suka koma ɗibar ruwan tafki su ne masu riƙe da hoto na biyu, za su gabatar da shi a ranar da babu fayil ɗin da zai ɓace.

Kada wani ya fahimci cewa muna zargin kyan safiyar nan. A'a. Kyan nan aya ce daga ayoyin Allah, kallonsa da tunani ibada ne, ɗaukar hotonsa kuma halal ne, har muna kwaɗaitar da wanda Allah Ya kai shi irin waɗannan ƙasashe ya fita da sassafe ya gani. Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya rayu a ƙasa mai zafi, ya kasance yana ambaton ƙanƙara a cikin addu'arsa ta neman wankewa daga zunubai, kamar yadda ya tabbata a hadisan buɗe salla. Shi ya sa ba mu sauke hoton dama ba. Abin da muke tsoro shi ne ya zauna shi kaɗai.

Kwanaki kaɗan bayan haka, ana gobe za mu taso, muka tarar da tsohon nan a lambunsa ya sare baƙaƙen karan duka, ya bar kamar taƙi guda a kan ƙasa. Yana haƙa a hankali da wani irin shebur mai yatsu. A ƙarƙashin kowane kara sai ya ɗago wani tarin saiwa mai kauri, kamar dankalin Hausa, lafiya lau, sanyi bai kai gare shi ba. Ya kakkaɓe ƙasar, ya jera su a akwatin katako. Ya ce zai shanya su su sha iska, ya ajiye su a wuri busasshe da ƙanƙara ba ta shiga, idan sanyi ya wuce ya sake dasawa, su ba da irin furen da suka bayar bana. Ya ce duk tsawon lokacin ɗumi, sa'ad da mutane suke tsayawa a bakin shinge suna yaba furen, ganyen yana ta aika abinci ƙasa, inda ba mai gani. Muka tambaye shi ko mutane sukan ɗauki hoton saiwar. Ya yi dariya a karo na farko, ya ce shekara talatin yana noman daliya ba wanda ya taɓa roƙonsa haka. Mu ma ba mu ɗauka ba, domin a ranar likita ya tafi aiki da kyamararsa a mota.

Wannan shi ne labarin hotuna biyu da Alhaji ya tambaya. Muna roƙon Allah Ya sa abin da muka ɓoye ya fi abin da muka bayyana kyau, Ya tsare kasuwancinmu daga algus, Ya tsare ayyukanmu daga riya da ha'inci, Ya kiyaye abin da muka shuka daga iskar da ke halaka shuka. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah Ya gafarta mana.